Ina so in rage tuwo saboda ciwon suga, amma a Legas me zan ci?

“Assalamu alaikum Likita. Shekarata 54, ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, ina kwana a Agege, iyalina kuwa suna gida Katsina. Shekara 4 ke nan da aka ce ina da ciwon suga, ina shan metformin da Daonil. An ce in bar tuwon shinkafa in koma na alkama da acca, na koma, amma har yau idan na gwada da safe sai in ga 180 ko 190. Kwanan baya ɗana ya turo mini bidiyo, wani yana cewa a bar tuwo da shinkafa da biredi gaba ɗaya, ciwon zai tafi. Na gwada. Ran kwana na uku ina cikin danfo wajen Ketu jikina ya ɗauki rawa, gumi ya rufe ni, sai da wani fasinja ya saya mini lemon kwalba na dawo hayyacina. Don Allah wannan hanyar gaskiya ce ko yaudara? In gaskiya ce, mutum irina da ba ya girki, mai cin abincin bakin titi, me zai riƙa ci?”

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara sauƙi, Allah kuma ya saka wa wannan fasinja da alheri, don abin da ya yi maka shi ne daidai abin da ni ma zan yi da ina cikin motar.

Tambayarka uku ce a dunƙule: me ya sa alkama da acca ba su sauke sugan ba, me ya kayar da kai a danfo, sannan yaya za a rage abinci mai sitaci a gari irin Legas, inda mutum ke fita kafin gari ya waye ya dawo bayan isha'i. Zan fara da ta biyun, domin ita ce mai iya ɗaukar rai.

Abin da ya same ka a Ketu

Suganka ne ya faɗi ƙasa. Ba aljanu ba ne, ba kuma “jiki bai saba ba” kamar yadda masu irin wannan bidiyo kan faɗa. Magungunanka biyu aikinsu ba iri ɗaya ba ne. Metformin yana hana hanta zuba suga da yawa cikin jini, yana kuma taimaka wa jiki ya ji maganar insulin (sinadarin da jiki ke fitarwa don kwashe suga daga jini), shi ya sa da wuya shi kaɗai ya kayar da suga. Daonil kuwa, wanda sunansa na asali glibenclamide, matsa wa jiki yake yi ya fitar da insulin, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, kuma aikinsa yana daɗewa a jiki. Likitan da ya rubuta maka shi ya yi lissafi ne da mutumin da ke cin malmala biyu da dare da biredi da safe. Kai ka janye tuwon, ka bar ƙwayar tana ta aikinta. Insulin ya fito bai tarar da abin da zai kwashe ba sai ɗan sugan da ya rage a jini, ya kwashe shi.

Duk lokacin da na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, suga ya faɗi. Alamunsa su ne waɗanda ka lissafa: karkarwa, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, wani lokaci mutum ya riƙa magana ba kan gado. Maganinsa a take shi ne suga mai saurin shiga jini kimanin giram 15, wato ƙwayar sukari 3 zuwa 4, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai haura 70 ba a maimaita, sannan a ci abinci na sosai, domin da Daonil yana iya sake faɗuwa bayan 'yan awanni. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Daga yau kada aljihun rigarka ya rabu da ƙwayoyin sukari a ƙulle cikin leda, kuma ka gaya wa yaran shagonka inda suke.

Saboda haka kafin ka rage ko loma ɗaya, koma wurin likitanka ka ce masa: “Ina so in rage abinci mai sitaci, a duba mini magunguna.” Yawanci ana rage ƙwaya irin Daonil ko a canja ta tun daga farko. 'Yan uwanta glimepiride da gliclazide duk haka suke, haka ma allurar insulin. Akwai wasu sababbin ƙwayoyi masu fitar da suga ta fitsari, irin su Jardiance da Forxiga, waɗanda haɗa su da yanke sitaci gaba ɗaya kan jawo wata matsala mai haɗari, jini ya yi tsami alhali na'ura tana nuna suga lafiya lau. Ba ka ce kana shan su ba, na ambata ne saboda masu karatu. Kada ka tsayar da magani da kanka, kada kuma ka bari mai kemis ya yanke maka wannan hukunci.

Alkama, acca da sauran tuwon da ake yi wa kirari

Na shekara da shekaru ina ganin masu ciwon suga a nan Legas, kuma babu maganar da ta fi wahalar cirewa daga zukatan mutane kamar wannan ta “tuwon masu suga”. Mutum zai shigo yana fara'a ya ce: “Likita, ai ni yanzu alkama zalla nake ci.” In ce malmala nawa? Sai ya ce biyu, wani lokaci uku, tunda an ce magani ce.

Ga yadda abin yake. Duk abinci mai sitaci, idan ya shiga ciki narkewa yake ya koma suga, ko da ba ya zaƙi a baki. Garin alkama, shinkafa, masara, gero, dawa, acca, garin kwaki, a busasshensu duk kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari sitaci ne. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne saurin narkewa da yawan dusar da ke ciki. Wanda ba a surfe shi ba, ba a kuma niƙa shi ya yi laushi lilis ba, yana shiga jini a hankali. Wannan bambanci gaskiya ne, amma ƙarami ne idan aka gwada shi da girman malmalar. Alkamar da aka niƙa ta zama gari mai laushi aka tuƙa, hanji ba ya tambayar sunanta. Haka amalar ɗanyen filanten da ake ta yabo a nan Kudu, haka shinkafar ofada. Rabin malmalar tuwon shinkafa ta fi malmala biyu na acca sauƙi a jininka.

To hanyar da ɗanka ya gani fa? Tana da tushe, ba yaudara ba ce. Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka, a wani rahoto da ta fitar a 2019, ta ce rage yawan sitaci da suga a abinci shi ne matakin da ya fi samun hujjoji wajen sauke sugan jini. Sai dai ragewar hawa-hawa ce. Idan jimillar abin da mutum ke ci a yini ta gaza giram 130, ana kiransa mai ƙarancin sitaci. Idan ta sauka zuwa giram 20 zuwa 50, shi ne kito, wanda masu bidiyo ke tallatawa. Don ka gane lissafin: dafaffiyar shinkafa mai girman dunƙulen hannun babban mutum tana da kimanin giram 45. Farantin da ake cika wa ɗan kasuwa a buka, wato rumfar mai abinci, yakan kai dunƙule uku, ka ga a zama ɗaya ya cinye kason yini guda. In ya kora da robar Coke mai santilita 50, ya ƙara sama da giram 50, kusan ƙaramin cokali 13 na sukari.

Ni a nawa aikin ba na fara wa mutum irinka da kito. Binciken da aka yi ya nuna amfanin yanke sitaci ya fi fitowa a wata 3 zuwa 6 na farko, bayan shekara ɗaya ko biyu ratar da ke tsakaninsa da sauran tsare-tsaren abinci tana raguwa, galibi saboda mutane sun gaji sun koma gidan jiya. Bahaushen da aka yaye da koko aka raina da tuwo, a ce ya rabu da hatsi har abada, yaudarar kai ce. Wanda nake gani yana ɗorewa shi ne wanda ya tsaya wajen giram 100 zuwa 130, ya raba shi gida uku, kowane cin abinci dunƙule ɗaya ko ƙasa da haka. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganar “ciwon zai tafi” kuma tana buƙatar gyara. A wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2017, an ɗauki masu ciwon suga nau'i na biyu (wanda ya fi kama manya) masu ƙiba, waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 6 ba, aka sa su a tsarin rage nauyi mai tsanani ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara ɗaya, kashi 46 cikin ɗari sugansu ya daidaita ba tare da magani ba, a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. Lura, ba kito suka yi ba, yawan abincin gaba ɗaya aka rage, kuma abin da ya yi aikin shi ne zubar da kitsen da ya taru a ciki da hanta. Ciwon lafawa yake yi, in nauyi ya dawo shi ma yakan dawo. Idan kana da teɓa, shekara huɗunka ba ta yi nisa ba, kana da damar gwadawa.

Daga teburin mai shayi zuwa buka

Yanzu mu bi yininka. Na san safiyar ɗan Mile 12: an idar da asuba, an yi wurin mai shayi, haɗin kauri a babban kofi, madara da Bournvita da sukari cokali uku, ga biredin Agege mai laushi an tsaga an cusa ƙwai, wani ma ya ƙara da Indomie. A wannan teburin, abu ɗaya ne ba ya tayar da suga, shi ne ƙwan. To shi za ka mai da uban tafiya. Ka ce a soya maka biyu ko uku da albasa da tumatir da attaruhu, mai kaɗan, shayin kuma Lipton ko na citta da kanumfari, ba sukari, madara ɗan ɗis. Bournvita da Milo akwai sukari a cikinsu tun daga kamfani. Biredin Agege ma da sukari ake kwaɓa shi, ga farar fulawa, in ba za ka iya haƙura ba yanka ɗaya mai kaurin yatsa ya isa. Ƙaramar ledar Indomie ɗaya tana da sitaci sama da giram 40, ita kaɗai ta cinye kason safiyar.

Kwana goman farko shayin zai yi maka salam a baki, ba zan ɓoye maka ba. Wani dattijo direban tanka da ke ɗaukar mai a Apapa ya ce mini shayi ba sukari “ruwan wankin kofi ne”. Muka yi yarjejeniya ya riƙa rage cokali ɗaya duk mako. Bayan wata biyu ya dawo yana ba ni labarin an haɗa masa shayi a gidan suna ya kasa shanyewa, wai zaƙin ya hau masa kai. Harshe yana koyo.

Koko da kunu su ne masu yaudara. Ana ganinsu ruwa-ruwa, abincin marasa lafiya, alhali gasara sitaci ce tsantsa da aka tace aka zubar da dusarta, tana shiga jini da gudu ko ba a sa sukari ba. In ka tarar da mai koko da ƙosai, sayi ƙosan guda uku ko huɗu ka bar mata kokonta. Alale ya fi, musamman mai ƙwai ko kifi a ciki. Wake shi ma yana da sitaci, kada a ce na ce kyauta ne, sai dai yana tafe da sinadarin gina jiki da ɓawo masu rage masa gudu, yana kuma riƙe ciki har azahar. Ewa agoyin, dafaffen waken nan mai miya da ake sayarwa ko'ina a Agege ba laifi, matsalar ita ce biredin da ake dangwala da shi da man da ake malalawa a kai.

Da rana, a buka, abin da za ka koya shi ne juya farantin. Mu mun saba tuwo ne sarki, miya 'yar rakiya. Yanzu miya da ganye su cika rabin faranti, kifi ko nama ko ƙwai kamar faɗin tafin hannunka, sannan sitaci ya zo a ƙarshe, dunƙule ɗaya. A nan zaman Legas ya yi maka rana, domin Yarbawa da Inyamurai sun fi mu cika miya da ganye. Efo riro, ewedu wanda mu muke kira lalo, miyar agushi da ugu, miyar kuɓewa, duk abokan tafiyarka ne. Ka ce wa mai abincin ta ba ka amala ko teba ƙulli ɗaya ƙarami, ta ninka miyar. Za ta yi maka kallon mamaki ran farko, ran na uku ita za ta tuna maka. In shinkafa da wake ne, wake ya fi shinkafar yawa, kuma kada a haɗa da taliya da soyayyen filanten da doya a faranti ɗaya kamar yadda ake yi, wannan sitaci huɗu ne aka jera. Fara cin ganyen da kifin kafin ka taɓa tuwon, wannan 'yar dabarar tana rage tashin suga bayan cin abinci.

Kada ka ce ganye sai na mutanen Kudu. Kwaɗon zogale da ƙuli, kwaɗon rama, dafaffen alayyafo, yakuwa, miyar kuka, karkashi, gauta da yalo, duk namu ne, kuma akwai matan Arewa masu sayar da su a Agege da Idi-Araba. Sai dai ka tambaya ko an sa sukari a kwaɗon, don wasu suna sawa, har a ƙuli-ƙuli. Kai da kake zaune a kasuwar da kabeji da kokwamba da tumatir ke sauka daga Jos da Kano da Zariya, babu wanda ya kai ka samun su da araha a duk faɗin Legas. Ba sai ka iya girki ba: wuƙa, kwano, ruwa mai tsabta da za a wanke su sosai, ɗan ƙuli da yaji da man gyaɗa, yaron shago ma zai haɗa maka. Tun da albasa ce sana'arka, bari in faɗa tun kafin abokan kasuwa su faɗa maka: albasa tana da kyau a abinci, amma ba ta maganin suga, ko da jiƙa ta aka yi aka sha ruwan.

Ana yawan ce mini wannan tsari na masu kuɗi ne. Da nama kullum za a ci, da haka ne. Amma ƙwai, awara, wake, gyaɗa, kifi irin shawa da panla da titus, cukun Fulani da ake kira wara a nan, ba su kai nama tsada ba, kuma kuɗin da ake kashewa a lemo da Maltina da biskit na gosulo in aka tara ya sayi ƙwan safe. Maltina da 'yan uwanta, a faɗa a ƙara, ba su “ƙara jini”, sukarinsu bai gaza na lemo ba. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na roba duk da sukari ake haɗa su. Fura gero ce, in an dama da sukari ta zama biyu. Kindirmo zalla rabin kofi ba laifi. Zuma da mazarƙwaila da dabino suga ne, albarkar da ke cikinsu ba ta hana su tayar da na'ura. A gosulon Ojota, in yunwa ta taso, ƙullin gyaɗa ɗaya ko dafaffen ƙwai ko yalo ko yankan kwakwa, da ruwa. 'Ya'yan itace a ci su ɗanyu, kaɗan, bayan abinci: gwaiba, agwaluma, lemon zaƙi ɗaya da totuwarsa, yankan gwanda, piya kuwa kusan ba ta da suga. Rake da cikakkiyar ayaba da mangwaro uku a zama ɗaya, a yi haƙuri.

Daren ne nake zargi da wannan 190 ɗin naka. Mai dawowa Agege daga Mile 12 ba ya isa gida da wuri, sai ya ci tuwo mai nauyi ƙarfe goma ya kwanta a kai. Ga kuma hanta, wadda ke sakin suga da kanta gab da asuba don shirya jiki ya tashi, a mai ciwon suga kuma takan wuce gona da iri. In zai yiwu ka ci babban abincinka da rana ko kafin magariba tun kana kasuwa, da dare ka yi abu mara nauyi: farfesun kifi, ko tsire da kabeji da tumatir da yawa, ko alale. Bayan kowane cin abinci ka taka na minti 10 zuwa 15, ko sauka tasha ɗaya kafin taka ka ƙarasa da ƙafa. Naman jiki yana zuƙe suga idan yana motsi. Tsire da balangu ba su da sitaci, amma ba na kullum ba ne, saboda kitse da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, mafi yawan masu suga kuma suna fama da hawan jini ko suna bakin ƙofarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin miya da yaji. Kilishi kuma sau da yawa akwai sukari a labunsa.

Na'urar ce alƙali

Duk abin da na faɗa a sama ƙiyasi ne na gama-gari, abincin wani gubar wani. Na ga mutum biyu sun ci alale iri ɗaya, na ɗaya bai motsa ba, na biyu ya haura 200. Hanyar sanin naka ita ce gwaji biyu-biyu: ka gwada kafin ka fara ci, ka sake gwadawa bayan awa 2. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin abinci, ƙasa da 180 bayan abinci. In na'urarka mai nuna ƙananan lambobi ce irin 7 ko 10, ninka da 18 ka samu irin wannan lissafin. Na san 'yan tsinken gwajin sun yi tsada, don haka ba sai kowane abinci ba. Yau na safe, gobe na rana, jibi na dare. Ka samu ƙaramin littafi irin na rubuta bashi, ka rubuta abin da ka ci da yawansa da lambobin biyu. Cikin mako biyu za ka san abokanka da maƙiyanka fiye da yadda kowane likita zai gaya maka.

Wata baiwar Allah mai sayar da abinci a Idi-Araba ta yi ta musu da ni a kan kunun gyaɗa, ita lallai ba ya yi mata komai tunda ba ta sa sukari. Na ce to mu bar wa na'ura. Ta dawo da littafinta, ta buɗe shafin ta tura mini a kan tebur ba ta ce uffan ba: 128 kafin, 241 bayan. A ƙasa ta rubuta da ajami, ranar da ta ci ƙwai da sauran miyar ganyen jiya, 131 da 150. Ba mu sake maganar kunu ba.

Duk wata uku kuma ka yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suganka na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga mafi yawan mutane ana son ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Ana yin sa a asibitocin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja da LUTH da ke Idi-Araba da manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu.

Inda maganata ta tsaya

Ban gan ka ba Alhaji, ban auna ka ba, ban ga gwajin ƙodarka ba, kuma waɗannan suna iya canja shawarar. Mai ciwon ƙoda ba a sake masa nama da ƙwai da wasu ganyaye yadda na bayyana, nasa tsarin daban ne, metformin ɗin ma sai an duba. Mai juna biyu, da yaro, da mai nau'i na ɗaya wanda rayuwarsa ta rataya a kan insulin, kada su ɗauki wannan amsa su yi aiki da ita ba tare da likitansu ba. In kuma kai siriri ne, kana ramewa ba da niyya ba, ga yawan fitsari da ƙishirwa, to matsalar ba tuwo ba ce kaɗai, wataƙila jikin ne ya gaza fitar da insulin, kuma ƙara rage abinci zai ƙara rama ne kawai. Irin wannan allura yake buƙata, kuma allurar ba alamar ƙarshe ba ce kamar yadda ake tsoratar da mutane. Ka nemi a duba maka ƙoda da ido da tafin ƙafa da kitsen jini aƙalla sau ɗaya a shekara, domin wasu in sun ƙara cin maiƙo kitsen jininsu yana hawa.

A makon farko na ragewa kana iya jin ciwon kai da kasala da taurin bayan gida. Sha ruwa sosai, ƙara ganye. Amma in karkarwa ce da gumi, kada ka ce sabo ne, gwada. In kana shan maganin hawan jini ka riƙa aunawa, don yakan sauka idan nauyi ya ragu, har a buƙaci rage ƙwaya. Masu jiƙe-jiƙe da ke yawo da lasifika a bakin kasuwa suna cewa kwalba uku ta raba ka da suga, ka riƙe kuɗinka. Shuwaka da zogale a miya abinci ne mai kyau, amma haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, a kan ƙodar da suga ya riga ya fara gajiyarwa, shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Sai azumi, tun da ba za a rasa tambayarsa ba. Je ka ga likita wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan a gyara lokutan magani, Daonil musamman ba abokin azumi ba ne. Buɗe baki da dabino ɗaya ko biyu da ruwa, ba bakwai ba, kunun a ɗan ƙaramin kofi ko a bar shi, sahur kuma a jinkirta shi a yi da wake ko ƙwai da ganye. Idan da rana na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, a karya azumin a rama daga baya, kuma huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi a wurin malamai. Ranar da za ka je ganin likitan, tafi da kwalayen magungunanka duka da littafin nan na gwaji, ka kuma ba shi labarin danfon Ketu daga farko har ƙarshe, har da awa nawa tsakanin shan ƙwayar da fara karkarwar.